Wane fim ɗin tarihi zan kalla in fahimci rikicin Isra'ila da Falasɗinawa da Larabawa?

Tambaya: Malam, tun da yaƙin Gaza ya ɓarke nake ganin gutsattsarin bidiyo a waya, kowa da abin da yake faɗa. Ina son in san asalin rikicin nan tun daga tushe, amma manyan littattafai suna yi mini nauyi. Akwai fim ɗin tarihi guda ɗaya da zan kalla ya ba ni gaskiyar magana ba tare da son rai ba?

Amsa: Ƙanina, Allah ya ƙara maka son sani. Fim guda irin wanda kake nema babu shi, kuma duk wanda ya miƙo maka ɗaya ya ce ka kalli wannan ka huta, to ra'ayinsa ya miƙo maka. Amma akwai finafinai masu kyau ƙwarai, waɗanda in ka jera su yadda ya kamata za ka fi mutane da yawa da ke ta da jijiyar wuya a kan maganar nan fahimtarta. Sharaɗin kawai shi ne ka zauna gabansu zaman alƙali a kotu. Kowane fim shaida ne da aka kira. Ka saurare shi har ya gama, ka tambayi wanda ya kawo shi, ka lura da abin da ya tsallake, sannan ka kira na gaba. Hukuncin naka ne, kuma ba a yanke shi a zaman farko.

Abin da nake fara sa ɗalibaina su duba a kowane fim shi ne shekarar da ya soma labari, domin a nan mai fim yake ɓoye hujjarsa. Wanda ya fara da 1948, ranar da rundunonin ƙasashen Larabawa suka shigo, ya riga ya gaya maka cewa ƙaramar ƙasa ce aka yi wa taron dangi. Wanda ya fara da 1917, lokacin da Birtaniya ta yi alkawari da ƙasar da ba tata ba, ya gaya maka cewa mulkin mallaka ne. Wanda ya fara da kisan ƙare dangin da Jamus ta Hitila ta yi wa Yahudawa miliyan 6, labarin neman mafaka yake ba ka. Wanda ya fara da 1967 yana ganin mamaya ce matsalar, a janye a zauna lafiya. Duk waɗannan abubuwa sun faru. Rigimar tana wajen wanda aka sa a gaba.

Ka fara da The 50 Years War: Israel and the Arabs, wanda Norma Percy da Brian Lapping suka shirya, BBC ta nuna a 1998, tashar PBS ta Amurka kuma a 1999. Na zaɓe shi na farko don yana ba ka ƙashin bayan labarin a jere, daga ƙuri'ar raba ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947 zuwa shekarun yarjejeniyar sulhu ta Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. Salonsu shi ne su nemo waɗanda ke cikin ɗaki lokacin da aka yanke shawara, su sa kowa ya faɗa da bakinsa. Za ka ga Sarki Husaini na Jordan, da Yasir Arafat, da Shimon Peres, da Yitzhak Shamir, da Jimmy Carter, da janar-janar na Masar da jami'an tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ka tuna kowannensu tsoho ne da ke gyara sunansa kafin ya bar duniya. Rauninsa babba kuwa shi ne fim ne na manya. Manomin da aka raba da gonarsa da matar da ta haihu a tantin gudun hijira ba su samu kujera sosai a cikinsa ba. Ya kuma wuce shekaru 30 na mulkin Birtaniya da sauri, alhali a nan aka ƙulla kusan komai.

Akwai wani wuri a fim ɗin da nake so ka tsaya a kai, don zai koya maka yadda ake cin amanar shaida. Ranar 9 ga Afrilu 1948 mayaƙan ƙungiyoyin Yahudawa masu ɗauke da makamai, Irgun da Lehi, suka afka wa ƙauyen Deir Yasin da ke kusa da Kudus, suka kashe mutane fiye da 100, har da mata da yara. A cikin fim ɗin an zanta da Hazim Nusaiba, wanda a lokacin yake kula da labaran Larabci a gidan rediyon Falasɗinu. Dattijon ya zauna gaban kyamara ya amsa cewa sun ƙara gishiri a labarin da suka watsa, suka saka zancen fyaɗe don su zaburar da ƙasashen Larabawa su kawo ɗauki, sai abin ya juye musu: mutanen ƙauyuka suka ji, tsoro ya kama su, suka kwashi iyali suka gudu. Ya ce babban kuskure suka tafka. Wannan guntun na minti biyu ana yanko shi ana yaɗawa a intanet da rubutu a ƙasa cewa ga Balarabe ya tona asiri, ba a yi kisan Deir Yasin ba. Mutumin bai faɗi haka ba. An yi kisan. Adadin 254 da aka daɗe ana ambatawa ma daga bakin wani kwamandan Irgun ya fara fitowa, don su ma tsoron da ya bazu ya yi musu amfani. Daga baya masu bincike na Jami'ar Birzeit, wato Falasɗinawa da kansu, suka bi iyali-iyali suka mayar da adadin kusa da 107. Wanda ya ga guntun kawai an yaudare shi, wanda ya ga fim ɗin duka ya san cewa an yi ta'asa kuma an yi farfaganda a kanta ta ɓangarori biyu. Shi ya sa ba na yarda ɗalibi ya kawo mini hujja da bidiyon da bai san daga ina aka yanko shi ba.

Da ka gama wannan sai ka koma baya da Al Nakba (wato masifa, sunan da Falasɗinawa suke kiran raba su da gidajensu a 1948) na Rawan Damen, wanda tashar Aljazeera ta fara nunawa da Larabci a 2008, daga baya aka fitar da na Turanci, kashi huɗu. In kana jin Larabci, na asalin ya fi armashi, don za ka ji tsofaffin ƙauye da harshensu. Shi ne yake cike giɓin da na farko ya bari. Zai kai ka taron Basel na 1897 inda Theodor Herzl ya kafa ƙungiyar Sahyoniyawa, masu fafutukar sama wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, ya nuna maka wasiƙar Balfour, ministan harkokin wajen Birtaniya, ta 2 ga Nuwamba 1917, wadda ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu a lokacin da kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna ƙasar Larabawa ne, Musulmi da Kirista, amma wasiƙar ba ta ko ambaci sunansu ba, cewa ta yi al'ummomin da ba Yahudawa ba. Ka mai da hankali musamman a kan boren 1936 zuwa 1939. Yajin aikin wata shida aka fara da shi, ya rikiɗe ya zama tawaye da makami, Birtaniya ta murƙushe shi da rusa gidaje da rataye mutane da korar shugabanni zuwa gudun hijira. Dubban Falasɗinawa suka mutu, aka ƙwace makamansu, manyan gidajensu suka rabu biyu suna kashe juna. A ganina wanda bai fahimci waɗannan shekaru uku ba ba zai taɓa gane dalilin da ya sa al'ummar ta rushe cikin watanni kaɗan a 1948 ba. Sun shiga yaƙin ne da karyayyen baya, su kuwa Yahudawan suna da rundunar Haganah da hukumomi da haraji da makarantu, gwamnati ce tsaf sai suna kawai ya rage.

Amma shi ma wannan fim shaida ne mai ɓangare. Ya fara da Napoleon a bakin ganuwar Akka a 1799 da wata sanarwa da aka ce ya yi wa Yahudawa, wadda masana tarihi suke saɓani a kan ingancinta, kuma farawa daga nan yana sa mai kallo ya ji kamar makirci ne guda da aka tsara tun farko ana bi daki-daki. Tarihi bai cika tafiya haka ba. Birtaniyar da ta ba da wasiƙar Balfour ita ce ta taƙaita shigowar Yahudawa a 1939, daidai lokacin da Turai ke zama musu kabari, kuma sojojinta ne Irgun ta kai wa hari a otal ɗin Sarki Dauda a 1946, mutum 91 suka mutu. Fim ɗin bai zauna sosai a kan tsoron da ya koro Yahudawa ba: kashe-kashen da aka riƙa yi musu a daular Rasha tun 1881, da ƙofofin da Amurka ta rufe musu a 1924, da sansanonin Nazi. Sai ka nemi wannan a wani wuri. Haka nan kisan Yahudawa 67 a Hebron a 1929, da zaman Muftin Kudus Alhaji Amin Al-Husaini a Balin inda ya gana da Hitila a 1941. Ba daɗin ji, amma sun faru, kuma duk Ba'isra'ile ya tashi da su a kunnensa. In kana son jin yadda Isra'ila ke ba 'ya'yanta labarin, akwai dogon shirin talabijin ɗinta na 1981 mai suna Pillar of Fire. Wani shirin nata na 1998, Tkuma, da ya ɗan buɗe wa Falasɗinawa baki, sai da ministoci suka yi ca a kansa.

A nan ne ya kamata in ja hankalinka ga wani abu da mai kallo ba ya lura da shi. Mu kan ce gani ya kori ji, to amma fim ba ya nuna sai abin da aka ɗauka, kuma ba kowa ne ke da kyamara ba a wancan zamani. Tun shekarun 1920 asusun Sahyoniyawa ke biyan kuɗi a ɗauki hotunan gonaki da samari masu noma don neman taimako a Turai da Amurka. Kamfanonin labarai na Ingila sun ɗauki faretin soja da manyan baƙi. Mutanen Lidda da Ramla da aka kora a ƙafa cikin zafin Yulin 1948, dubbai a kan hanya babu ruwa, hotunansu kaɗan ne ƙwarai. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Falasɗinawa suka kafa sashen fim nasu a Amman, su Mustafa Abu Ali da Sulafa Jadallah da Hani Jauhariyya, kuma taskar da suka tara ta ɓace a Beirut lokacin da Isra'ila ta mamaye Labanon a 1982. Wata mai bincike 'yar Isra'ila, Rona Sela, ta gano tarin hotuna da finafinan Falasɗinawa a ma'ajiyar sojan ƙasarta, ta yi fim a kai a 2017. Don haka in ka ga wani ɓangare yana da hoto mai motsi, ɗayan kuwa tsohuwa ce kawai riƙe da mabuɗin gida tana ba da labari, kada ƙarancin hoto ya sa ka rage wa maganarta nauyi.

Takardu ma haka suke. Isra'ila ta buɗe takardun 1948 bayan shekara 30, daga nan masana irin su Benny Morris da Avi Shlaim da Ilan Pappe suka fito a ƙarshen shekarun 1980 suka rushe tsohon zancen cewa Falasɗinawa duk sun tafi ne don shugabanninsu sun umarce su ta rediyo. Abin da ya tabbata shi ne mutum 700,000 zuwa 750,000 sun bar gidajensu, wasu korarsu aka yi da bindiga, wasu sun guje wa ruwan wuta, wasu tsoro ya fitar da su, ƙauyuka fiye da 400 aka rushe ko aka zuba wasu a ciki, kuma abin da ya mayar da gudun ya zama na dindindin shi ne shawarar da gwamnatin Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ta yanke ta hana su dawowa. Inda masana ke jayayya har yau shi ne ko an tsara korar tun kafin yaƙi ko yaƙin ne ya haife ta. Ƙasashen Larabawa kuwa, Masar da Siriya da Iraƙi, ba su buɗe takardun sojansu na waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Wannan abin takaici ne a gare ni, domin ya sa hatta zaluncin da aka yi wa Falasɗinawa da takardun Isra'ila ake tabbatar da shi, laifin shugabannin Larabawa kuwa yana rufe a akwati. Sarki Abdullahi na Jordan, alal misali, ya gana da Golda Meir, ɗaya daga cikin shugabannin Yahudawa, a asirce a Nuwamban 1947, kuma bayan yaƙi ya haɗe Gaɓar Yamma da ƙasarsa.

Fim ɗin Tantura na Alon Schwarz, na 2022, zai nuna maka yadda ake kokawa da irin wannan tarihi. Wani ɗalibin Jami'ar Haifa, Teddy Katz, ya naɗi muryoyin tsofaffin sojoji da mutanen wani ƙauyen bakin teku, ya rubuta cewa an kashe mutane da yawa bayan ƙauyen ya miƙa wuya a Mayun 1948. Tsofaffin sojojin suka kai shi kotu, ya sa hannu a takardar neman afuwa, ya dawo ya ce bai yarda ba. Fim ɗin ya koma ga kasakasan, ya kuma zanta da sojojin suna da shekara casa'in da wani abu. Masana ba su daidaita a kan yawan waɗanda aka kashe ba. Ka kalle shi don ka ga yadda tsoho ke musantawa, ya yi shiru, ya yi dariyar da ba ta farin ciki ba, sannan ya faɗi rabin magana.

Akwai wata hijirar da finafinan Larabawa ba su cika taɓawa ba. Cikin shekarun da suka biyo bayan 1948 Yahudawa wajen 800,000 suka bar Iraƙi da Yaman da Masar da Maroko da Libiya da sauransu, wasu don matsin lamba da ƙwace dukiya, wasu don kiran Isra'ila. Zuriyarsu yanzu kusan rabin Yahudawan ƙasar ne. Forget Baghdad na 2002 ya zanta da wasu tsofaffin Yahudawan Bagadaza da har lokacin Larabcin Iraƙi ke bakinsu. Wannan bai goge haƙƙin ɗan gudun hijirar Falasɗinu ba, don ba shi ya kore su ba, amma zai hana ka cewa duk 'yan Isra'ila Turawa ne su koma inda suka fito.

Yaƙin 1967 fim na farko ya yi masa adalci ta fuskar siyasa: rahoton ƙarya da Sobiyet ta ba Masar cewa Isra'ila ta tara soja a iyakar Siriya, Jamal Abdul Nasir ya tura runduna Sina'i, ya sallami sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rufe mashigin Tiran, sai Isra'ila ta riga shi da safiyar 5 ga Yuni ta ragargaza jiragen yaƙin Masar a ƙasa. Cikin kwana shida ta kama Sina'i da Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Kudus da Tuddan Golan, yayin da rediyon Sautul Arab na Alƙahira ke shelar nasara. Ka haɗa shi da Censored Voices na Mor Loushy, na 2015. Makonni kaɗan bayan yaƙin, marubuci Amos Oz da wani abokinsa suka zaga da rikoda suna naɗar hirar samarin da suka dawo daga fagen fama. Bayan kusan shekara 50 aka zaunar da mutanen nan, sun yi furfura, aka kunna musu muryoyinsu na ƙuruciya. Kyamara na kan fuskarsu suna saurare. Saurayin cikin kaset yana ba da labarin fursunonin da aka harbe da ƙauyawan da aka tasa a gaba da ƙullin kaya a ka, har wani yana cewa abin ya tuna masa da yadda aka kori iyayensu a Turai. Tsohon kuma yana zaune ya kafa wa rikodar ido. Ƙasa na bikin nasara, su suna wannan magana.

Yaƙin Oktoban 1973 Aljazeera ta yi masa shiri mai kyau da sojojin ɓangarorin biyu. Ya shafe mu kai tsaye: a wannan watan Nijeriya ƙarƙashin Janar Gowon ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila, ba ta mayar ba sai 1992, Nijar kuwa tun farkon shekarar ta yanke. Tarihin PLO, ƙungiyar neman 'yancin Falasɗinu, da yaƙin basasar Labanon, Umar Al-Isawi ya yi wa Aljazeera dogayen shirye-shirye a kansu, kuma a nan za ka ga abin da ba a son faɗa, wato jinin Falasɗinawa wanda 'yan'uwansu Larabawa suka zubar: a Jordan a Satumban 1970, a sansanin Tal al-Za'atar a 1976, da Sabra da Shatila a Satumban 1982, inda mayaƙan Falanj na Labanon suka yi kisan yayin da sojan Isra'ila ya kewaye wurin. Kwamitin Kahan na Isra'ila ya ɗora wa Ariel Sharon alhaki, ya bar kujerar ministan tsaro. Harin Munik na 1972 da aka kashe 'yan wasan Isra'ila 11 shi ma yana da fim, One Day in September, inda ɗaya daga cikin maharan ya yi magana.

Finafinai biyu da na fi so a kalla a jere, cikin mako guda, su ne The Gatekeepers na Dror Moreh da 5 Broken Cameras na Imad Burnat da Guy Davidi. Na farko tsofaffin shugabannin Shin Bet ne su shida, hukumar leƙen asirin cikin gida, wato mutanen da suka riƙe akalar mamaya da hannunsu. Suna bayanin yadda ake sayen ɗan rahoto a ƙauye, yadda aka kashe Yahya Ayyash, mai haɗa wa Hamas bama-bamai, da bam a cikin wayar hannu a 1996, yadda aka jefa bam mai nauyin tan ɗaya a kan gida a Gaza a 2002 don mutum guda, yara suka mutu tare da shi. Ba waliyyai ba ne, wasunsu ba su ma nuna nadama ba. Amma kusan bakinsu ya zo ɗaya cewa ƙarfin soja bai magance komai ba, 'yan siyasa sun bar su da dabarar yau da gobe babu dogon tunani. Babu Bafalasɗine ko ɗaya da ya yi magana a fim ɗin. Ta saman jirgi mara matuƙi kake hango su. Sai ka kunna na biyu ka sauko ƙasa. Burnat manomi ne a ƙauyen Bil'in, ya sayi kyamara a 2005 don ɗaukar jaririnsa Jibrilu, a shekarar aka fara kafa shingen da ya raba ƙauyen da gonakinsa na zaitun. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutanen gari su yi tattaki zuwa shingen, har da 'yan Isra'ila masu goya musu baya. Kyamarorinsa biyar aka fasa ɗaya bayan ɗaya, wata harsashi ne ya maƙale a cikinta maimakon kansa. Abokinsa Basim Abu Rahma, mai yawan fara'a da yara ke bi, gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye ya same shi a ƙirji a 2009 ya mutu. Kotun ƙolin Isra'ila ta ce a karkatar da shingen tun 2007, ba a aiwatar ba sai 2011. In kana da sauran ƙarfi ka ƙara da The Law in These Parts, inda alƙalan soja ke bayanin yadda aka yi amfani da wata tsohuwar dokar ƙasa ta Daular Usmaniyya aka mayar da filayen da ba a nomawa mallakar gwamnati, aka gina matsugunan Yahudawa a kai.

Ni dai bayan shekarun da na yi ina karantar da wannan tarihi, ra'ayina a fili yake: korar 1948 da hana komawa zalunci ne, mamayar da ta haura rabin ƙarni zalunci ce, kuma Kotun Duniya ta bayyana ta a matsayin haramtacciya a Yulin 2024. Tayar da bam a motar haya da ta ɗauko 'yan makaranta shi ma zalunci ne, haka harbe masallata 29 da Baruch Goldstein ya yi a masallacin Annabi Ibrahim a 1994. Fim ɗin da ya sa ka ji daɗin mutuwar ɗan wani ya cuce ka.

Kan Oslo da rushewarta ka nemi Elusive Peace na 2005, ci gaban fim na farko, inda Bill Clinton da Ehud Barak da Sa'ib Erakat ke ba da labarin taron Camp David na Yulin 2000. Barak da Clinton sun ce an yi wa Arafat tayi mai tsoka ya ƙi. Robert Malley, wanda ke cikin tawagar Amurka a wurin, ya rubuta cewa maganar ba haka take da sauƙi ba. Ka riƙe lissafi guda a ranka kana kallo: mazauna matsugunan Gaɓar Yamma, ban da Gabashin Kudus, sun tashi daga wajen 110,000 a 1993 zuwa kusan 200,000 a 2000, ana cikin tattaunawar sulhu. Ka riƙe na biyu: hare-haren ƙunar baƙin wake na Hamas a 1996, watanni kaɗan bayan wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya kashe firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin, sun taimaka wa Netanyahu ya ci zaɓe da ƙyar.

A wurinmu ana yawan ɗaukar rikicin nan a matsayin na Musulmi da Kirista, kowa ya kama layin addininsa. Finafinan kirki za su warware maka wannan. George Habash da ya kafa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gwagwarmaya mafi zafi Kirista ne, haka Hanan Ashrawi, haka 'yar jarida Shirin Abu Akila da aka harbe a Jenin a 2022. Kudus da Masallacin Aƙsa suna da matsayi a zuciyar kowane Musulmi, amma tushen faɗan ƙasa ce da 'yanci. Ka kuma guji bidiyon da ke cewa Yahudawa ne ke juya duniya a ɓoye, mafi yawansu daga wani ƙagaggen littafi suke ɗiba da aka buga a Rasha a 1903, wanda jaridar Times ta Landan ta tona ƙaryarsa tun 1921. Ka lura da yawa daga finafinan da suka fi tona asirin mamaya Yahudawan Isra'ila ne suka yi su. Wani abu kuma da ba kasafai ake nunawa ba: dab da ɗaya daga ƙofofin Aƙsa akwai unguwar zuriyar mutanen Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal, waɗanda iyayensu suka je bayan aikin hajji suka zauna. Daga cikinsu Fatima Barnawi ta fito, mahaifinta ɗan Nijeriya, wadda Isra'ila ta ɗaure a 1967 saboda dasa bam a gidan sinima, bam ɗin bai tashi ba, daga baya ta shugabanci 'yan sanda mata na Hukumar Falasɗinu.

Abin da ya faru daga 7 ga Oktoban 2023, da aka kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila aka kama kusan 250, da dubun-dubatar da aka kashe a Gaza bayan haka tare da rushe yawancin zirin, ka bar finafinansa su zama na ƙarshe a jerinka. An yi su ne wuta na ci, takardu ba su fito ba, masu ba da umarni ba su yi ritaya sun fara magana ba. Suna da daraja a matsayin shaidar ido, kamar No Other Land na Basil Adra da Yuval Abraham da abokan aikinsu kan rushe gidaje a Masafir Yatta da ke Gaɓar Yamma, wanda aka ɗauki yawancinsa kafin yaƙin, ya kuma ci kyautar Oscar a 2025. Amma a 2025 ɗin ne BBC ta janye wani fim nata kan yaran Gaza bayan an gano yaron da ke ba da labarin ɗan wani mataimakin minista ne a gwamnatin Hamas kuma ba a gaya wa masu kallo ba. Wahalar yaran gaskiya ce, ɓoye wannan bayanin ne ya ba masu musu makami.

Kafin ka kunna komai ka sauke taswirori huɗu a wayarka: shirin raba ƙasa na 1947 da ya ba Yahudawa kusan kashi 56 cikin 100 alhali su ne sulusin jama'a, da layin tsagaita wuta na 1949 da ya bar Isra'ila da kashi 78, da na bayan 1967, da na Gaɓar Yamma bayan Oslo da aka kasa zuwa yankunan A da B da C gwargwadon wanda ke iko da kowanne. Ka ajiye littafin rubutu kusa, duk fim ka rubuta wanda ya biya kuɗinsa, shekarar da aka yi shi, da wanda ba a ba dama ya yi magana ba; sunayen masu ɗaukar nauyi suna fitowa a rubutun ƙarshe, kada ka kashe kafin su wuce. Yawancin shirye-shiryen Aljazeera suna YouTube kyauta, kuma tun da hira ce ta fi yawa a cikinsu, za ka iya rage ƙarfin hoton don data ta kai ka. In kuwa lokacinka ba zai ɗauki duka ba, ka kalli The 50 Years War, sai Al Nakba, sai The Gatekeepers da 5 Broken Cameras a mako guda. Daga nan littattafan da kake jin nauyinsu za su yi maka sauƙi, don ka riga ka san fuskokin mutanen da ke ciki, sai ka ɗauki ɗaya na Rashid Khalidi da ɗaya na Benny Morris ka karanta babin 1948 na kowanne.